ZAUREN 'YAN MATA: Wai Karatun Kati Ma Karatu Ne?

A wannan fitowar na so in ƙarasa maganar lefe da muka faro, to amma wata wasiƙa ta iso mini daga Yelwan Yawuri ta hana ni sukuni, dole na ajiye waccan tukuna.

Wata ƙanwata ce, ba zan faɗi sunanta ba. Ta gama sakandare, burinta a duniya ta zama nas, Allah bai nufa ba. Sai aka ba ta gurbin karatun adana bayanan lafiya, wato abin da mutanenmu ke kira aikin kati. Saurayinta da ya ji sai ya bushe da dariya, wai shekara biyu cur don a koyi miƙo kati ta taga? Goggonta kuma ta ce a sa ranar biki kowa ya huta. Mahaifinta masunci ne, ya haɗa kuɗin rajista da guminsa, amma surutu ya sa ya fara ja da baya. Ita kuma ta rasa abin da za ta ce masa, don ita kanta ba ta san me ake koya ba.

Ƙanwata, bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Akwai shekarar da na raka Innarmu wani asibiti, aka nemi fayil ɗinta sama da ƙasa aka rasa. Muna zaune tun hantsi har azahar, ƙarshe aka ce a yanki sabon kati. A tsohon fayil ɗin nan kuwa an rubuta wani magani da jikinta ba ya so. Likitan da muka gani sabo ne, Inna ba ta riƙe sunan maganin ba, ni ma haka. Shi aka sake ba ta. Kwana uku muka yi ba barci, jiki duk ya kumbura. Wallahi tun daga ranar na daina yi wa ɗakin kati kallon banza.

Miƙo kati ta taga shi ne ɗan abin da ido ke gani. A makaranta za a koya miki sassan jikin ɗan Adam da sunayen cututtuka da yaren likitoci, don ki iya karanta abin da likita ya rubuta ki gane. Za a koya miki lissafin ƙididdiga da kwamfuta, da yadda ake jera fayil da lamba ba da suna ba. In da suna ne ai an shiga uku, Hauwa'u nawa ke zuwa awo rana guda?

Sai kuma babban cikinsu, sanya wa cuta lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani kundi da ake kira ICD, kowace cuta da lambarta. An amince da bugu na goma a 1990, na goma sha ɗaya kuma ya fara aiki a 2022. A na goman, kwalara A00 ce, ƙyanda B05, zazzaɓin cizon sauro daga B50 zuwa B54. Idan likita ya rubuta zazzaɓin sauro kawai bai fayyace irinsa ba, B54 za ki sa. Lambar da za ki rubuta a Yawuri ita ce wani zai rubuta a Masar ko Ingila.

Za ki ce to ina amfanin wannan ga mutumin ƙauye? Ke 'yar bakin ruwa ce, kin san tsargiya. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta, rayuwar mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga tana cikinsa: su, wanka, wanki, yara suna iyo tun safe. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata, yaro ya dinga fitsarin jini. Har yau akwai iyayen da ke ɗauka alamar balaga ce, Allah Ya kyauta. To ita ma tana da lambarta, B65. Duk ƙarshen wata ana haɗa adadin waɗanda aka gani da kowace cuta, a tura ƙaramar hukuma, daga nan Birnin Kebbi, daga nan Abuja. Da wannan adadi masu tsara aikin lafiya suke ganin inda ciwo ya yi yawa. Yaro ya zo daga tsibiri cikin kwalekwale, an duba shi, amma ba a shigar da shi daidai ba? A takarda tamkar bai taɓa ciwo ba. Kuma matar da ta zo daga ƙauyen Gungawa ko Kambari, ba ta san shekarunta ba, Hausar ma sama-sama, wa zai zauna ya tambaye ta a hankali in ba 'yar gida irinki ba?

Amma fa in gaya miki gaskiya, aikin nan ba na mai sakin baki ba ne. Fayil ɗin matar maƙwabcinku zai ratsa hannunki, da na mai neman auren ƙawarki. Abin da kika gani a nan ya tsaya a nan. Mu mata mun san halinmu a gidan biki, in kin san ba za ki iya ba, tun wuri ki haƙura. Sannan akwai ƙura, akwai layin mutane masu zafin rai, ga shi ba kowa zai gode miki ba.

Game da makaranta, a jiharmu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da makarantar wannan fanni, haka ma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, babba ma biyu. Ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi da Bayoloji. Akwai hukumar ƙasa mai yi wa jami'an wannan aiki rajista, an kafa ta da doka ta 39 ta 1989, sai da lasisinta ake zama cikakken ma'aikaci. Saboda haka kafin Baba ya biya ko sisin kwabo, ku tambaya ko hukumar ta amince da kwas ɗin a makarantar da ta ɗauke ki. Kada ku ji nauyin tambaya, kuɗin kifi ba a ƙasa ake tsintarsa ba.

Shawarata, ki samu Baba shi kaɗai bayan sallar isha'i, ki durƙusa ki karanta masa wannan shafi. In da hali ku je babban asibitin Yawuri tare, ku nemi izinin gaisawa da shugaban ɗakin kati, ya ji daga bakin mai yin aikin. Goggo kuma a bi ta da lallashi, karatu bai hana a sa rana ba, ana iya sa ta da ɗan nisa.

Shi kuwa malam saurayi, na san za a kai maka mujallar nan. Dariyar da ka yi ta sa yarinyar mutane kuka, ka je ka ba ta haƙuri. In da gaske kake sonta, kai ya kamata ka raka su tasha ranar tafiya.

Ƙanwata, ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da Baba. Maganar lefe kuma sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.