Tsawa da turakun lantarki: gyaran yana ƙarƙashin ƙasa

Duk shekara, da zarar hadarin farko ya taso daga gabas, mutanen Yamai, da Maraɗi, da Damagaram sun san abin da ke biye: iska, cida, sannan ɗaukewar wuta. Asibiti ya koma ga injin, famfo ya tsaya, kankarar mai sayarwa ta narke.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1976 layin kilobolti 132 ya haɗa Birnin Kabi da Yamai ta hanyar Doso, yana kawo wutar madatsar Kainji. A 1994 aka ƙara na Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. A cikin wannan fili shimfiɗaɗɗe babu abin da ya kai turakun ƙarfen nan tsawo, tsawa kuwa dogon abu take nema. Matsakaiciyar faɗuwarta ɗaya takan ɗauki ampera wajen 30.000.

Masana sun daɗe da samun dabara. Can bisa ƙololuwar turke ana miƙa wata waya wadda ba ta ɗauke da wuta. Aikinta kawai ta tari aradu kafin ta taɓa wayoyin da ke ƙarƙashinta, ta bi da ita jikin ƙarfen har cikin ƙasa. To, a nan ne maganar take. In ƙasar ba ta sha wutar da sauri ba, sai ƙarfin ya taru a jikin turke, ya tsallake kwanukan gilashin da ke riƙe da waya, ya faɗa cikin layin. Shi ya sa injiniyoyi ke so turjiyar gindin turke kada ta wuce om 10. Amma rairayi da marmara busassu ba su karɓar wuta da sauƙi, ga shi kuma hadarin watan Mayu da Yuni yakan iske ƙasa ba ta jiƙa ba tukuna. Ƙurar hunturu da ta kwanta bisa kwanukan, in ta sami yayyafi, ita ma hanya ce ga wuta.

Maganin ba ya da kwarjini, shi ya sa ake mance shi: a binne dogayen wayoyi daga ƙafafun turke, a kafa sanduna masu zurfi inda ƙasa ta yi tauri, a sa na'urar kare tsawa a wuraren da ta saba faɗuwa. Gwajin ƙasa kuma da rani ya kamata a yi shi, domin gwajin damana yana ruɗin mutum.

Yankewar wutar Najeriya daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ta sa kowa ya koma maganar sababbin tashoshi, kamar ta hasken rana a Gorou Banda. Daidai ne. Sai dai wutar kowace tasha bisa turke take tafiya. Wayar da ɓarawo ya tone daga gindinsa kuwa ba a ganin rashinta daga hanya. Sai ma'aikacin NIGELEC ya je da ƙafarsa, ya auna, turke bayan turke, kafin ruwan farko ya sauka.