ZANCEN GIDA: Taliya da Yaji

 A watan nan zancenmu a kan tukunya ya ke, kuma a kan wani abinci wanda ya shigo gidajenmu ba sallama, har ya zama ɗan gida. Muna nufin taliyar nan ta leda, wadda yara su kan kira Indomie ko da wane kamfani ne ya yi ta.

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ran Alhamis, ranar da kasuwa ke ci, ya san abin da mu ke faɗi. Kowane mai shayi ya jera kwalayenta a bisa tebur, ga kasko a kan risho, ga ƙwai, ga attaruhu an yayyanka. A Gagarawa da Sule Tankarkar ma haka abin ya ke, har cikin ƙananan ƙauyuka. Yaro ya ga ana soyawa, ya ji ƙanshi, ya koma gida ya ture kwanon tuwo. Uwa kuwa ta gaji, ga tsadar itace, sai ta ce to, a sayo masa ya ci a huta. Ba mu ga laifinta ba. Amma ya kamata mu san abin da mu ke ba 'ya'yanmu, mu kuma san yadda za mu gyara shi ya amfane su.

Da fari dai, taliya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara, Larabawan Gadamas da na Tarabulus sun zauna a birnin Kano, kuma da su a kan danganta yaɗuwar abincin alkama irin su gurasa da alkaki. Iyayenmu mata sun daɗe suna kwaɓa garin alkama da ruwa da ɗan gishiri, su murza shi da tafin hannu ya yi siriri, su shanya. Ita ce a ke kira 'yar murji. Daga baya aka sami injin nan mai hannu wanda a ke juyawa, taliya ta fito zara-zara, a rataya ta a igiya ta bushe. Har yau akwai matan da da wannan sana'a su ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Ta leda kuwa daga nesa ta fito. Wani mutumin Japan mai suna Momofuku Ando shi ya ƙago ta a shekara ta 1958. Indomie kuma asalinta daga ƙasar Indunusiya ne. An fara shigo da ita Nijeriya a 1988, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'antarta a garin Ota cikin Jihar Ogun. Yadda a ke yin irin wannan taliya shi ne, a kwaɓa fulawa, a turara ta, sa'an nan a soya ta cikin mai har ruwan jikinta ya ƙone. Dalili ke nan da ya sa ta kan nuna cikin minti uku, gama an riga an dafa ta tun a masana'anta.

To, ku duba abin da ke cikin ƙaramar leda mai giram 70: fulawa, da mai, da gishiri, da ɗan ƙunshin kayan ɗanɗano. Fulawa da mai suna ba da ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma abin da ke gina tsoka da jini da ƙashin yaro kaɗan ne a ciki. Mu da mu ke koyarwa mun san yaron da ya karya kumallo da ita tsurarta. Da safe ya kan shigo aji da kuzari, kafin a fita tara ya fara hamma, kafin azahar kansa yana bisa benci. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Cikin da aka ruɗe shi da abin da ba ya riƙo ba zai ja karatu ba.

Sai kuma batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma na yara ƙasa da haka ya ke. Leda ɗaya tare da ƙunshinta ta kan cinye babban rabo daga wannan awo. In aka dafa biyu, aka ƙara dunƙule, aka barbaɗa yaji mai gishiri a kai, to an wuce gona da iri tun kafin a ci abincin dare. Yawan gishiri na cikin abubuwan da ke jawo hawan jini, ciwon da ba ya yin sallama. Harshen da aka saba masa da gishiri tun yana ƙarami kuwa, da wuya ya yarda da ƙasa da haka in ya girma. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ba mu ce a kori taliya daga gida ba. Abin da mu ke cewa shi ne, kada a bar ta ta shiga tukunya ita kaɗai, alhali kuwa abokan tafiyarta suna nan cikin rumbunmu. Ƙasar Gumel ƙasar gero ce da wake da gyaɗa da riɗi. Kowace kaka manyan motoci su kan yi lodin riɗi daga Maigatari da Gagarawa su nufi Kano da Ikko, daga can a sa shi a jirgin ruwa. Japan, inda aka ƙago taliyar leda, tana cikin manyan ƙasashen da ke sayen riɗin Nijeriya. Ku ji fa! Mu sayar musu da mai gina jiki, mu sayo mai cika ciki, sa'an nan mu hana 'ya'yanmu ko cokali ɗaya na abin da muka noma. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Ga yadda za a dafa ta domin gida mai mutum shida. A tanadi wake gwangwanin madara 2, da taliyar Hausa wajen rabin kilo, ko kuwa ta leda ƙanana guda 4. A nemi albasa 2, tumatir 4, tattasai 2, attaruhu 2, daddawa ƙwaya 2, man gyaɗa babban cokali 5, ganyen zogale ko alayyafo cikin hannu biyu, da riɗi babban cokali 4. In hali ya yi, a ƙara busasshen kifin Haɗeja ko ƙwai. In bai yi ba, wake ya wadatar.

A jiƙa waken tun da dare. Wannan ya kan rage lokacin dahuwa, ya kuma rage cin itace, abin da ba ƙarami ba ne a wannan yanki namu na bakin hamada. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a wanke, a ɗora da sabon ruwa har ya yi laushi. Mun san hannun uwayen gida ya saba da jefa kanwa. Gumel kuwa tsohuwar kasuwar kanwa ce, har Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya ratsa garin a watan Maris na 1851, ya rubuta labarin girman cinikinta a wurin. Amma yawan kanwa ya kan lalata waɗansu sinadarai masu amfani da ke cikin wake. Waken da ya kwana a ruwa ba ya bukatarta, in ma za a sa, to ɗan ƙiris.

Kafin wake ya nuna, a jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu da albasa ɗaya. A soya ɗaya albasar cikin mai har ta yi ja, a zuba jajjagen da dakakkiyar daddawa, a bari ruwansa ya tsotse har mai ya taso. Sai a juye wannan a kan waken, a ƙara ruwa daidai wanda taliya za ta shanye. In ya tafasa a zuba taliya. Ta Hausa ta kan ɗan fi daɗewa, sai a riƙa ɗaukan sili ɗaya ana latsawa, kada ta caɓe. Ta leda minti uku ya ishe ta, kuma daga ƙunshin ɗanɗano huɗun nan a sa biyu kaɗai, kada a ƙara dunƙule, gama daddawa ta riga ta yi aikin. Ganye shi ne na ƙarshe: a zuba, a rufe minti biyu, a sauke. A soya riɗin sama-sama a busasshen kasko, a ɗan daka, a barbaɗa bisa abinci.

Akwai hikima cikin wannan haɗi. Abin gina jiki da ke cikin alkama bai cika ba, na wake ma haka, amma abin da ɗaya ya rasa yana wurin ɗayan, in sun haɗu sai su cika juna. Tumatir da tattasai kuma suna taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda shi ne ke ƙara jini. Mata masu juna biyu da 'yan mata masu tasowa su suka fi bukatarsa.

Yanzu sai yaji, wanda in babu shi taliya ba ta amsa sunanta ba. A daka busasshen barkono gwangwani ɗaya tare da ƙuli-ƙuli gwangwani biyu, da citta, da 'yar tafarnuwa, da masoro da kanumfari kaɗan, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya. A tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi inda laima ba za ta shiga ba. In a gida za a yi ƙulin, a tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, gama akwai dafi a cikinta mai cutar hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. Yajin da ƙuli ya fi barkono yawa a cikinsa abinci ne a kan kansa.

Shi barkonon nan da mu ke gani kamar da shi aka halicce mu, asalinsa daga nahiyar Amurka ne, jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya bayan shekara ta 1492. Zafinsa ya fi taruwa a farin jijiyar nan ta ciki inda 'ya'yan ke maƙale. Wadda ke son ƙanshin attaruhu ba tare da azabarsa ba, sai ta tsaga shi ta kankare cikin. Sinadarin zafin kuma ba ya narkewa a ruwa, a mai ya ke narkewa. Saboda haka in yaji ya kama yaro, kada a yi ta ɗura masa ruwa, a ba shi kindirmo ko madara. Mafi kyau dai a dafa tukunya da sauƙin yaji, a ajiye kwalba a gefe, kowa ya ɗiba daidai harshensa. Ta haka ƙaramin yaro da tsohuwa da mai gyambon ciki duk za su ci daga tukunya ɗaya.

Masu gida, kada ku ce wannan zancen mata ne. Ku ne ke auna wake da riɗi ku kai kasuwa, ku ne kuma za ku iya cewa a ware mudu kaza na gida kafin a ɗaure bakin buhu. Ku zauna ku yi lissafi da kanku: nawa a ke kashewa in yara shida suka je wurin mai shayi kowa da nasa faranti, nawa kuma a ke kashewa a kan tukunyar nan da muka bayyana? Sa'an nan ku sa yaran cikin aikin, maza da mata. Wannan ya tsince wake, wancan ya zage zogale, babbar ta juya inji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka, kuma yaron da ya sa hannu a girki ba ya raina abin da aka sauke.

Muna roƙon uwayen gida su gwada wannan ko sau ɗaya a mako, sauran kwanaki a bar wa tuwo da fura da ɗanwake gurbinsu. Wadda ta san wata dabara ta dakan yaji ko ta murza taliya, ta rubuto mana domin 'yan'uwa su ƙaru.