Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Hukumar NCAA da 'Yan Wasan Jami'a

A watan Afrilun 2010, hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta sayar wa gidajen talabijin na CBS da Turner izinin nuna gasarta ta ƙwallon kwando ta maza a kan dala biliyan 10.8 na tsawon shekara 14. Kafin shekarar ta ƙare, ita wannan hukuma ta haramta wa Enes Kanter, wani matashi daga Turkiyya, buga wa Jami'ar Kentucky wasa har abada. Laifinsa kuwa shi ne ƙungiyar Fenerbahçe ta taɓa ba shi dala 33,033 ƙari a kan kuɗin ɗawainiyarsa. Wai kuɗi sun ɓata shi, ya tashi daga ɗalibi ya zama ɗan kwangila.

Hujjar hukumar ke nan shekara da shekaru: ɗan wasan jami'a karatu ya kawo shi, ladansa ilimi kyauta. Maganar tana da daɗin ji, sai dai asalinta ba tarbiyya ba ne. A 1955 Ray Dennison ya rasu sakamakon bugu a kai yayin da yake yi wa kwalejin Fort Lewis wasan ƙwallon Amurka. Matarsa ta nemi diyyar da doka ta tanadar wa ma'aikaci, Kotun Ƙoli ta jihar Colorado ta hana ta. A wannan zamani ne hukumar ta baza laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", kuma Walter Byers, wanda ya shugabance ta tun 1951, ya amsa da kansa daga baya cewa an ƙera laƙabin ne domin kauce wa irin wannan diyya. Ashe garkuwar aljihu ce aka yi wa rawani.

Wanda ya fito daga nesa shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa, domin takardun makarantarsa da hannun duk wanda ya taɓa tallafa masa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Cheick Diallo, ɗan Mali, ya isa Jami'ar Kansas a 2015, ya yi watanni yana jiran hukunci, a ƙarshe aka dakatar da shi wasa biyar saboda ɗan ihsanin da bai taka kara ya karya ba. Mai horar da shi kuwa miliyoyin daloli yake karɓa kowace shekara, ba wanda ya ce sun gurɓata masa niyya.

Hukumar ba ta sauya hali don kunya ba, kotu ce ta tilasta ta. A watan Yunin 2021 alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka haɗu baki ɗaya suka kayar da ita a shari'ar Alston. Ran 1 ga Yuli ta sassauta, ta bar 'yan wasa su sami kuɗi da sunansu da hotonsu. A 2025 aka amince da sulhun dala biliyan 2.8, jami'o'i suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye. Abin da jiya ya isa a kori yaro, yau ya zama halal, kuma ba wanda ya mayar wa Kanter shekararsa.

Har yanzu da sauran rina a kaba. Ɗaliban ƙetare masu bizar karatu ta F-1 ba su da cikakken izinin aiki, saboda haka yawancin wannan ciniki yana wuce su. Hukumar za ta ce dokar gwamnati ce, kuma gaskiya ne. Amma babban abin da take yi wa zarya a majalisar dokokin Amurka shi ne a kare ta daga ƙararraki, a kuma rubuta a doka cewa 'yan wasa ba ma'aikata ba ne.