Zuriyarmu da ke Sudan da Ghana: A rubuta asali tun dattawa na raye

A zangon Kumasi ko a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ba wuya ka haɗu da Bahaushen da zai ce maka kakansa daga ƙasar Kano ya taso. Ka tambaye shi wane gari, sai ya yi shiru. Sunan ƙauyen ya tafi tare da tsohon da ya san shi. A ganina wannan asara ce da za a iya tsayarwa, kuma a garuruwa irin Zakirai ta ƙaramar hukumar Gabasawa ya kamata aikin ya fara.

Hanyoyi biyu ne suka fi kwashe mutanenmu. Ta yamma ita ce ta fataucin goro zuwa Gwanja, wadda Agalawa da Tokarawa suka shahara da ita. Ita ce ta cika Salaga da Kumasi da Hausawa. Alhaji Umaru na Kete Krachi, babban malamin da ya rasu a 1934, haifaffen Kano ne. Ta gabas kuwa ita ce hanyar Makka a ƙafa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a har gaɓar Kogin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Dubban alhazai talakawa ma sun tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri, zama ya kama su.

Waɗannan mutane yawancinsu manoma ne da almajirai daga ƙauyuka. Babu takardar da ta rubuta tafiyarsu. Abin da ya rage shi ne bakin tsofaffi: wane gida ne ɗansu ya tafi gabas bai dawo ba, wace ce aka aurar wa fatake. Duk jana'izar dattijo, wani shafi ne ke rufewa.

Sanin asali ba abin ado ba ne. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Ghana, mutane da dama suka iso Najeriya ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. A 2022 an kashe Hausawa a rikicin ƙabilanci kan mallakar ƙasa a kudu maso gabashin Sudan, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu. Wanda ya san danginsa yana da wurin fakewa ranar wuya.

Wasu sun riga mu. Jihar Goa ta Indiya tana gayyatar matasan da kakanninsu suka yi ƙaura su zo su ga ƙasarsu ta asali. Ghana ta ware 2019 a matsayin shekarar dawowa gida ga zuriyar bayin da aka kai Amurka. Mu namu ya fi sauƙi, domin harshe ɗaya muke yi, alƙibla ɗaya muke kallo.

Akwai fargabar da ba a cika faɗa a fili ba: gona. A yankin Zakirai ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gado ya yayyanka gonaki, don haka wani zai ce neman dangin nesa tono rigima ne. Fargabar tana da tushe, amma rubuta asali daban, rabon gado daban, kuma shari'a ta tanadi yadda ake warware na biyun. Mafi yawan masu neman tushensu suna son su san sunan kakansu ne, su ga inda aka binne cibiyarsa.

Aikin ba ya buƙatar taron otal. Dagaci da limami da masu unguwanni su zaunar da tsofaffi, ɗaliban sakandare su naɗi muryoyinsu a waya, a rubuta sunan wanda ya tafi, gidansu, da inda aka ji labarinsa na ƙarshe. Masarauta ta tattara, Jami'ar Bayero ta adana, a aika wa sarakunan zango a Ghana da shugabannin Hausawan Sudan su gwada da nasu.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Yau waya ta rage wa ƙafa aiki, saura mu san wanda za mu kira.