Tsohuwa Ta Karya Ƙugu, Mu Kuma Sai "Sannu Mama"

Raina yana ɓaci ƙwarai da yadda muke barin tsofaffinmu su kwana suna ihu bayan sun karya ƙashin ƙugu. Tsohuwa ta zame a makewayi a Gwange ko Bulumkutu cikin Maiduguri, a cusa ta cikin Keke Napep, kowane ramin hanya ta ji shi har ƙwaƙwalwa. A asibiti a ɗaga ta zuwa gado, a sake ɗaga ta zuwa ɗaukar hoton ƙashi. Sau da yawa abin da take samu allurar pentazocine ce ko diclofenac, sai kuma "Sannu Mama, ki yi haƙuri." Ta farkon tana sa tsoho maye da ruɗewa, ta biyun tana iya taɓa ƙoda da ciki.

Alhali akwai allurar da ke tare zafin tun daga jijiya. Ana zuba maganin kashe wuri, irin su bupivacaine, a matsematsi, kusa da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga ƙugu. Cikin kamar minti 30 zafin ya lafa, ya yi sa'o'i bai dawo ba, mara lafiya tana cikin hayyacinta. Ba sabon abu ba ne. Tun 1989 wani likitan Faransa, Bernard Dalens, ya bayyana wannan hanya, kuma ana iya yin ta ko babu na'urar sikanin. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020 ta nuna allurar tana rage zafi da ruɗewa, da alama har da ciwon huhu. A Ingila, ma'aikatan jinya ma ana koya musu.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Idan dangi suka kwana suna jin kukan uwarsu, da safe sai su ɗauke ta zuwa wurin mai ɗori. Ban ga laifinsu ba. Amma wannan ƙashi yana can ciki, karan ɗori ba ya kama shi. Haka za ta yi watanni a kwance, gyambo ya ci bayanta, huhu ya cika.

Za a ce babu kuɗi, ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumbar 2024 ta lalata kayan asibitoci. Gaskiya ne. To amma wannan aiki sirinji yake so, da kwalbar magani, da hannun da ya ƙware. Haɗarinsa shi ne maganin ya shiga jijiyar jini, kuma horo da sa ido ne rigakafin haka.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da likitocin sa barci da suka san aikin. Su horar da ma'aikatan sashen gaggawa, nasu da na Asibitin Ƙwararru da na Umaru Shehu. Ma'aikatar Lafiya ta Borno ta ajiye maganin a can dare da rana. Duk tsohon da aka kawo da karayar ƙugu a yi masa allurar kafin a tura shi ɗaukar hoto, kada a ce sai ɗansa ya dawo da rasit.