Kariya: Adon da ba ya cin ruwa a Samaru da Bomo

A duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Afrilu, kusan ba a samun ko ɗigon ruwan sama a Samaru da Bomo da ke ƙaramar hukumar Sabon Gari a jihar Kaduna.

A wannan lokaci ne rijiyoyi kan ja baya, gidaje da dama su koma dogara ga 'yan ga-ruwa. Amma kuma a lokacin ne ake ban ruwa ga ciyawar ado da furannin da aka ɗauko irinsu daga ƙasashe masu damina mai tsawo.

Tambayar ita ce, ko ya dace a ci gaba da ƙawata gidaje da makarantu da ruwan da jama'a ke saye da jarka?

Matsalar ruwa

Ƙarancin ruwan sha tsohuwar matsala ce a Zariya. A shekarar 2017 aka ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa da aka tsara za ta riƙa samar da lita miliyan 150 a rana, to sai dai gina matata daban, kai ruwan kowane gida daban.

Ita kuwa Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da nata madatsar ruwa a kan kogin Kubanni, kuma unguwannin da ke kewaye da ita sai ƙara cika suke yi.

A nan ne batun kariya ya shigo. Wannan tsiro da masana ke kira Adenium obesum ɗan asalin yankin Sahel ne da gabashin Afirka da ƙasashen Larabawa. Yana tara ruwa a cikin kututturensa mai kauri, ya zubar da ganye da rani, sannan ya fitar da furanni masu ja-ja a daidai lokacin da sauran tsirrai suka bushe. Reshensa kawai za a yanka a dasa, ya kama.

Manoman furanni a Tailan da Taiwan sun daɗe suna aurar da nau'o'insa suna sayarwa a kasuwannin duniya, alhali a ƙasar Hausa ba a cika ɗaukarsa da daraja ba.

A Amurka ma, jihar Nevada ta kafa doka a 2021 domin kawar da ciyawar ado marar amfani a yankin Las Vegas, saboda tsimin ruwa.

Hattara

Sai dai kariya na da nata haɗarin. Ruwan jikinta na ɗauke da dafi mai taɓa zuciya, wanda aka yi amfani da shi a bakin kibiya da wajen kashe kifi a sassan Afirka. Masu bincike a jami'ar ta Zariya sun gwada bawonta a kan tarwada, suka tabbatar da illarsa. Saboda haka dasa ta inda ƙananan yara ke wasa ko dabbobi ke kiwo na buƙatar lura.

Haka kuma Samaru ba hamada ba ce: tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma saiwar kariya kan ruɓe a ƙasar da ke riƙe ruwa, irin fadamun Bomo. Tudu mai yashi take so.

Ba ta kuma ba da inuwa, don haka ba za ta maye gurbin darbejiya ko maɗaci ba. Gurbin da za ta iya cikewa shi ne na ciyawar da sai an shayar da ita kullum, kuma wannan shawara ce da ke hannun masu tsara harabobin makarantu, asibitoci da sababbin gidaje.