Boris ɗin Keke da Ƙurar Ƙofar Dundaye

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Dundaye cikin hunturu zai ga masu kekuna suna nufar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ƙura ta yi musu fari fat. Wannan ƙura ba a tufafi kaɗai take tsayawa ba. Tana kutsawa har cikin hob, wato cibiyar ƙafar keke, inda ƙwayoyin ƙarfen da ake kira boris suke juyawa. Galibin ƙurar yashi ne, kuma ma'adinin kwatz da ke cikinsa ya fi ƙarfen boris tauri. Idan ya cakuɗu da giris sai ya zama tamkar dutsen niƙa.

Tsofaffin kekuna irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin an ƙera su da sanin haka. Hob ɗin baya yakan ɗauki boris 9 a kowane gefe, a sake, tsakanin wani ɗan ƙoƙo da kwan da ake ɗaurewa. Mai gyara zai kwance, ya wanke da kananzir, ya cusa sabon giris, ya ɗaure daidai. Masu nazarin halittu sun san wannan dabara: gwiwar ɗan Adam takan yi shekara 70 tana aiki domin jiki yana sabunta ruwan da ke santsa ta.

Kekunan zamani da yawa kuwa suna zuwa da boris a rufe cikin zobe guda, da roba mai tare ƙura. Ba a musun amfaninsa, don ba ya bukatar saiti. Amma don a rage nauyi akan ƙanƙantar da ƙwayoyin, nauyin mahayi da buhun albasarsa ya taru a ɗan wuri kaɗan. Ranar da yashi ya ci zoben, jefarwa ake yi, a shiga neman mai lamba irin tasa, watakila sai an aika Kano.

Ragin 'yan giram ɗin nan na mai tsere ne a Turai. Ɗalibin da keke ne ƙafarsa zuwa aji, lafiyar aljihunsa tana ga hob mai kwancewa. Kamfanin Shimano na Japan ma ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da tsohon tsarin, har a kekunan tsere. Sharaɗi ɗaya ne: a kai wa mai gyara da zarar hunturu ya wuce, tun ƙoƙon bai rarake ba, domin shi kam ba ya canjuwa cikin sauƙi.